Kiɗan Almakashi

Litinin, 1 ga Satumba

Baba ya sake faɗuwa. A bakin ƙofar banɗaki, daidai inda ya faɗi wancan karon. Ina ɗaki ina gyara takardar neman aiki na ji ƙarar bokiti. Goshi ya ɗan fashe, gwiwar hagu ta kumbura. Babu karaya. Na duba, na sake dubawa.

Bari in rubuta abin yadda yake. Ba jiri ba ne, ba santsi ba ne. Yana tahowa da ƙananan takunsa, da ya iso bakin ƙofa sai ƙafafun su liƙe da ƙasa kamar an zuba musu gam. Jiki ya yi gaba, ƙafa ta ƙi bi. Likita ya ce haka ciwon karkarwa, wanda suke kira Fakinsan, yake yi wa wasu. Ƙwaƙwalwa ce ta rage yin wani sinadari, dofamin. Na san shi sarai, na zana shi a jarabawar ƙarshe har na ci maki. Ga digirin kimiyyar sinadarai a jaka, amma na kasa tsallakar da mahaifina ƙofar banɗaki.

Ina ɗaga shi yana cewa, "Auta, kada ka gaya wa yayanka." Amma na gaya wa Yaya. Ban iya riƙe magana ba, cikina ke ciwo.

Talata, 2 ga Satumba

Yaya ya kira. Bai yi faɗa ba, gara ma a ce ya yi. Ya ce ya riga ya sayi keken guragu, ya yi magana da mai jinya. In Baba ya ƙara faɗuwa zai zo ya ɗauke shi. Gidan Yaya a wani gari ne, tafiyar yini, kuma a saman bene. Babu wanda Baba ya sani a can.

A nan kuwa akwai shago. Tun da hannu ya fara rawa bai ƙara yi wa kowa aski ba, amma kullum da safe sai ya buɗe, ya share, ya goge madubi, ya zauna. Direba, abokinsa tun suna samari, ya zo su yi musun siyasa har rana ta take. Tun rasuwar Mama, shagon nan ne ke tashe shi daga barci.

Da na faɗa wa Baba abin da Yaya ya ce sai ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce, "In na hau keken nan ba zan sauko ba." Na so in ce ba haka ba ne. Amma haka ne, naman ƙafar da ba a taka ta zubewa yake.

Alhamis, 4 ga Satumba

Asibiti, sashen motsa gaɓɓai. Mai kula da wurin wata mata ce doguwa, murya kamar lasifika, kowa Kwamanda yake ce mata, har likitoci. Ta sa Baba ya yi tafiya, ta kalla, ta ce akwai ajin rawa na masu irin ciwonsa, Talata da Alhamis, a zauren da ke bayan sashen. Kowane majinyaci da abokin rawarsa.

Na ce, "Anti, akwai bincike a kai?"

Ta ce, "Akwai. Je ka karanta. Amma ka zo da takalmi mara santsi."

Na karanta. Abin yana iya taimakawa wajen tsayuwa daidai da faɗin taku, kuma kiɗa yakan ba ƙafa abin da za ta bi in ta liƙe. Ba ya warkarwa. Ba ya tsayar da ciwon. Yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi. Wannan na ƙarshen shi na fi riƙewa, ban san me ya sa kullum mummunan layin nake haddacewa ba.

Abokin rawar ni ne. Ni da ban taɓa kaɗa ko kafaɗa ba. A makaranta in an sa kiɗa, ni ake bar wa gadin jakunkuna.

Asabar, 6 ga Satumba

"Rawa? Da furfurata?" in ji Baba. Direba ya yi dariya har da tari, ya ce shi zai zo kallo, a ajiye masa kujerar gaba. Ya juyo kaina: "Farfesa, kai ma da wannan wuyan naka kamar an haɗiye sanda?"

Can da yamma Baba yana kulle shago, bai kalle ni ba, ya ce, "Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ranar Talata ko?"

Talata, 9 ga Satumba

Mun je. Zaure mai daɓen siminti, kujerun roba a jikin bango, fanka ɗaya tana kuka. Tsofaffi da 'ya'yansu, wasu da matansu. Wari na man zafi.

Yadda ake yi: ku fuskanci juna, majinyaci ya dafa damatsanka. Shi yana yin gaba, kai kana ja da baya, kuna bin kiɗa. Shi ke nan. Ja da baya ba ka ganin inda za ka. Na kasa. Kowane taku sai na waiga, in na waiga sai in fizgi Baba, in na fizge shi sai ya liƙe. In ya liƙe sai in ce, "A hankali, Baba, a hankali," in ƙura wa ƙafarsa ido.

Kwamanda ta kashe kiɗan a gaban kowa. "Kai mai farar riga! Ƙafarsa ka zo aure? Kalli fuskarsa. Kuma sassauta hannu, ba ɓarawo ka kama ba."

Aka yi dariya. Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, har ya bar shaida a hannun rigar Baba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Babu bambanci. Na taka wata tsohuwa. Ta ce Allah ya shirye ni.

Asabar, 13 ga Satumba

Masana'antar fenti ba su amsa takardata ta neman aiki ba. Kamfanin ruwa sun ce sai mai ƙwarewar aiki. Ina zan samo ƙwarewar in ba a ɗauke ni ba, oho.

Na rufe ɗaki na gwada ja da baya ni kaɗai, ba waige. Na bugi kusurwar tebur. Ƙugu ya yi shuɗi.

Talata, 16 ga Satumba

Bayan aji Kwamanda ta tsayar da ni, Baba yana zaune can yana shan ruwa. Yau ba ihu. Ta ce duk lokacin da na ce masa a hankali, tuna masa nake cewa zai faɗi, sai ya koma tunanin ƙafa, ita kuma ƙafar nan in ana tunaninta ba ta tafiya. Ta ce tsorona yana bi ta hannuna ya shiga jikinsa.

"Ciwo ɗaya aka kawo min," in ji ta, "kada ka zama na biyu."

Na ce ni ina ƙoƙari ne kada ya faɗi.

Ta ce, "Na sani, ƙanena. Shi ya sa."

Na rasa yadda mutum zai daina tsoro don an ce ya daina. Babu wannan a abin da na karanta.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kalli fuskarsa kamar yadda aka ce. Na daɗe ban kalle ta ba, ashe. Ciwon nan yana daskarar da fuska, ba murmushi ba ɗaure fuska, kamar hoton katin shaida. Muna cikin zagayawa na yi tuntuɓe da ƙafata, ba da ta kowa ba, na tafi taga-taga. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Wai ni ne mara lafiyar ko kai?"

A gida ya liƙe a ƙofar kicin kamar kullum. Don haka kada in ruɗi kaina.

Lahadi, 21 ga Satumba

Yaya ya kira, ya tambayi yadda rawar take, da irin muryar da ake tambayar yaro wasan ƙasa. Na ce da sauƙi. Ya ce, "Da sauƙi ko ba sauƙi, Auta?" Ya san ni. Na ce a zaure yana ɗan tafiya, a gida babu. Kiɗan Kwamanda yana yi masa sauri, kuma ba zan bi shi banɗaki da lasifika ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Wani abu ya faru, zan rubuta shi ba ƙari.

Muna shago. Direba ya ɗauki almakashi daga kan kanta yana wasa da shi, yana kwaikwayon Baba. Baba ya ce, "Ajiye, kana ɓata min ƙarfe. Ba haka ake yi ba." Ya karɓa. Masu aski suna da wata ɗabi'a: tsakanin yanka da yanka ba sa tsayar da almakashi, sai su riƙa buga shi a iska, hannu bai huce ba. Kowa da irin bugunsa. Na Baba biyu a jere, sannan ɗaya mai ja. Cas-cas, caas. Da wannan ƙarar na girma, ban taɓa lura kiɗa ba ne.

In yana bugawa hannun ba ya karkarwa. Wannan ba abin mamaki ba ne, karkarwar ta fi zuwa in hannu yana hutawa. Abin mamakin diddigensa ne, yana bin bugun. Sai ya miƙe yana nuna wa Direba yadda ake zagaya kujera, cas-cas, caas, ya zagaya, ya miƙe hanya, ya fita ta ƙofar shago zuwa baranda. Bai tsaya ba. Bai ma san ya wuce ƙofa ba.

Direba ya buɗe baki. Ni kuwa abin da na fara gani shi ne mai ciwon faɗuwa yana tafiya da buɗaɗɗen almakashi a hannu. Na ruga na ƙwace. Baba ya kalle ni, ya kalli ƙofar da ke bayansa.

"Farfesa," in ji Direba, "kai ko aljanna aka sa ka sai ka tambayi ina ƙofar gudu."

Lahadi, 28 ga Satumba

Almakashi ya koma aljihun tebur. Da harshe nake yin bugun. Mun gwada ƙofar kicin, ta banɗaki, ta ɗakinsa. Yakan wuce, ba kullum ba, amma ya fi yawa. In na yi sauri sai ya ce, "Kana aske kunnen mutum, rage."

Talata, 30 ga Satumba

Na gaya wa Kwamanda. Ta kashe lasifika ta ce mu nuna. Ni, a tsakiyar zaure, ina cas-cas da baki kamar mai kiran kaji. Muka ratsa zauren daga bango zuwa bango. Na waiga, amma ba sosai ba. Tsohuwar da na taka ta yi tafi.

Kwamanda ta ce kowa da kiɗansa, a nemo. Ta kuma ce Baba ya koyi bugawa da bakinsa, don ba kullum nake kusa ba. Ya ce to. Muryarsa ta ɗan fito yau, har na baya sun ji.

Na lura kwana biyu cikina bai yi ciwo ba. Wataƙila don na rage shayi ne.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Masana'antar fenti sun kira, ganawa gobe da safe. Direba ya ce zai zauna da Baba. Na nuna masa bugun, ya ce in tafi, tun kafin a haife ni yake jin sa.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Baba ya sake faɗuwa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Wuyan hannun dama, tsagewar ƙashi. An ɗaure da filasta. Ga yadda aka yi, na tambayi kowa daban-daban. Direba ya tsallaka titi sayen burodi. Wani ya yi ta buga ƙofar gida da ƙarfi, mai karanta mitar wuta ne. Baba ya taso da sauri yana cewa ana zuwa, ana zuwa. Bakin da zai yi bugun yana amsa sallama. Ya iso ƙofar falo, ƙafa ta liƙe.

Ba laifin Direba ba ne, ko da yake tun jiya yake zaune a baranda kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ba laifin mai mita ba ne. Ni a lokacin ina zaune gaban mutum uku ina bayanin yadda fenti ke bushewa. Sun ce za su neme ni.

Baba bai ce kada in gaya wa Yaya ba. Ya ce, "Kira shi."

Lahadi, 5 ga Oktoba

Yaya ya iso. Mun yi magana a tsakar gida, ƙasa-ƙasa. Na kawo duk abin da na sani: cewa yana samun sauƙi, cewa faɗuwar ta gaggawa ce, cewa zama a keke zai ƙarasa ƙafar. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Na ji. In sun ɗauke ka aiki, wa zai yi masa cas-cas ɗin?"

Na ce ba lallai su ɗauke ni ba.

"To sai ka zauna kana addu'ar kada ka samu aiki? Yau hannu ne, Auta. Gobe ƙugu. Ka fi ni sanin abin da karayar ƙugu ke yi wa tsoho."

Na sani. Abin haushin ke nan, bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Idonsa ya yi ja, shi ma ubansa ne. Asabar za su tafi.

Talata, 7 ga Oktoba

Ba mu je aji ba. Na kira Kwamanda na faɗa mata. Ta ce, "Ka gaya wa yayanka keke na hanya ne, ba na ɗaki ba." Na ce zan faɗa. Ban ga amfanin ba.

Wata guda ina ja da baya a gaban mutane. Ga inda ya kai mu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Baba ya sa ni na goge madubin shago, na naɗe tawul-tawul, na zare injin aski daga wuta. Yana zaune yana ba da umarni. Ya miƙa wa Direba makulli ya ce ya riƙa buɗewa iska na shiga. Direba ya ce, "Da wa zan yi musu, da kujera?" Baba ya ce, "Ita ma za ta kayar da kai."

Asabar, 11 ga Oktoba

Sun tafi.

An gama loda kaya, mota tana bakin titi. Baba ya fito daga ɗaki da sandarsa, ya ratsa falo, ya ratsa tsakar gida, ya iso ƙofar waje. Nan ya liƙe. Maƙwabta sun fito sallama, kowa na kallo. Ƙafafun suna ɗan karkarwa a wuri ɗaya, ba gaba ba baya. Yaya ya buɗe bayan mota ya sauko da keken, ya warware shi, sabo fil, da ledarsa.

Baba bai kalli keken ba. Ya miƙa wa Direba sandar. Ya ce, "Auta. Zo."

Na tsaya a gabansa. Hannun hagu a damtsena, mai filastar a kan kafaɗata. Bugun farko bai fito ba. Na sake. Cas-cas, caas. Ya ɗaga ƙafa. Muka wuce ƙofar.

Daga nan zuwa mota akwai kwata, akwai tudun yashin maƙwabci, akwai babur a ajiye. Na san suna bayana, ban san daidai ina ba. Wuyana ya fara juyawa da kansa sai na ji yatsunsa sun matsa damtsena, ya karkatar da ni dama. Na bi. Ya sake matsawa, na ɗaga ƙafa na tsallaka abin da ban gani ba. Shi yake ganin hanya, ni nake riƙe kiɗa. Ashe haka abin yake tun farko, ni na ɗauka ni kaɗai ke tuƙi. Har bayana ya taɓa ƙofar mota ban waiga ba.

Kafin ya zauna ya ɗan kaɗa kafaɗa, sau ɗaya, don Direba. Direba ya juya baya yana goge ido da hula.

Yaya ya naɗe keken ya mayar. Amma dai da keken suka tafi, kuma benen yana nan yana jiransu.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Sun isa lafiya. Mutum biyu ne suka hau da shi. Gidan nan ya yi girma.

Talata, 14 ga Oktoba

Fenti: sun ɗauki wani. Ban ji komai ba. Na share tsakar gida, ba ta yi datti ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Da safe na ɗora ruwan shayi, waya ta yi ƙara. Yaya, yana haki. Baba ya liƙe a ƙofar banɗaki, mai jinya bai iso ba, ya kawo keke Baba ya ce ko kusa. "Ya ce wai in kira malaminsa. Yaya ake yin abin nan naku?"

Na ce ya sa wayar a lasifika ya ajiye. Ya tsaya a gabansa, ya ba shi damtse. Kada ya ja shi. Kada ya ce a hankali. Kada ya kalli ƙafa.

"To ina zan kalla?"

"Fuskarsa, Yaya. Kuma kai za ka yi baya."

"Baya? Ban ga bayana ba fa."

"Shi yana gani."

Na fara bugun. Ta waya ina jin numfashinsu, da jan silifa, da Yaya yana cewa wayyo ya bugi wani abu. Can na ji muryar Baba, a sarari: "Auta, wannan ya fi ka taurin jiki. Kamar ina tura firij." Yaya ya ce, "Baba, ni fa manaja ne a wurin aiki." Baba ya ce, "A nan ɗan koyo ne kai." Suka wuce. Kafin ya kashe Yaya ya ce in sake yin bugun a hankali zai ɗauka a waya, kuma in tambayi matar nan ko ta san irin ajin a garinsu.

Ba wani abu ya canza ba. Ciwon yana nan, zai ƙaru, na san yadda yake tafiya. Shago a kulle. Aiki babu.

Ruwan ya tafasa har ya ƙone rabi kafin in lura. Maƙwabciya ta leƙo ta taga tana shanya, ta ce, "Auta, lafiya kake zagaye kicin da baya kai kaɗai?" Na ce mata daɓen ne da sanyi, ban sa takalmi ba.